Wayar Malam Tamba

A tashar Birnin Kebbi, motar Argungu na jiran cika. Wani dattijo, Malam Kalilu, ya leƙa kwamfutar da budurwar gefensa ta ɗora a cinya.

"Ɗiyata, mi kike ta gyarawa haka?"

"Aikina ne, Baba. Akwai na'ura mai basira da ke yi wa ƙungiyoyin manoma hidima. Duk kayan aikin da za a miƙa mata, sai an rubuta mata bayaninsa. Ni ke duba ko bayanin ya yi."

"To, wanga ya yi?"

"Bai yi ba. An ce kawai, 'Da wannan ake tura wa manomi saƙo.' Ba a gaya mata wanda bai kamata a tura wa ba. Ita kuwa abin da aka rubuta kaɗai ta sani."

Malam Kalilu ya zaro wata tsohuwar waya.

"Ta ƙanena ce, Tamba. Da damina ya rasu a Augie. Muna zaman makoki saƙo ya shigo: 'Malam Tamba, irin shinkafa ya iso.' Har yau saƙon bai daina shigowa ba."

"Allah ya jiƙansa. Ba ni lambar, Baba. In na'urarmu ce ke turowa, yau zan sa a cire shi."

Ya yi maza ya mayar da wayar aljihu.

"Gyara ma sauran jama'a, ɗiyata, wagga ki bar ta. Kowa a gari 'marigayi' yake cewa. Ita kaɗai ta rage mai kiransa Malam Tamba."