Ba Ta Son Kujerar Manaja

Muna zaune a benci a tashar Kontagora muna jiran motar Minna, sai na lura da baƙin mai a farcen budurwar da ke gefena. Wani dattijo ma ya gani.

"Ƴata, a gareji kike aiki?"

"Injiniya ce ni, Baba. Kamfaninmu ya ba ni muƙamin manaja, zan je in ce ba na so."

"Subhanallahi! Iyayenki sun sani?"

"Har walima sun yi. Su ci shinkafarsu, ni dai ba zan bar injin haƙa rijiya ba."

"Ƙuruciya! Ni ma injiniya ne. Na karɓi kujera, ga ni lafiya lau."

"To bayan kujerar me ka gina, Baba? Faɗa mini in je in gani."

Dattijon ya ɗauki jakarsa ya tashi, ko sallama bai yi ba.