Ɗan Kuku Yana Neman Sunan Ubansa

Salamu alaikum, malam mai gabatar da wannan shiri.

Tun ina yaro nake jin wai babana, kukun Baturen barikin garin Isa, bai mutu ba, ubangidansa ne ya tafi da shi. Ban yarda ba.

Bana wata ɗaliba mai binciken tsofaffin wasiƙun Turawa ta zo Sabon Birni, ta ce ta ga labarin wani kuku da aka ɗauke daga Isa. Na ce, "Mi sunanshi, ɗiyata?" Ta ce, "Baba, Kuku kawai suka rubuta."

To, mu ma hakan muka sani. Baƙo ne a garin, inna kuwa kunya ta hana ta faɗin sunan miji har ta rasu.

Jama'a, wanda ya san sunan ya taimaka, in riƙa ambatonshi a addu'a. Na ƙarshen da ya ba ni labarin, Ango mai wanki, bara muka rufe shi.