Takalman Yulieth

Sabuwar altaneta mai cajin batir Arbey ya sa wa jif ɗinsa, bai kai rabin hanya ba ta ƙone, batir ya mutu. Yana zaune a tashar Calarcá rungume da ita cikin tsumma, wani tsoho mai jiran mota ya leƙo.

"Boris ɗin cikinta ya tafi. Wane jakin ya ɗaure maka fambel?"

"Ga jakin nan kusa da kai, dattijo. Liba na sa na ja shi tamau, kar ya yi mini ƙara ranar biki."

"Ba ka danna da babban yatsa ba? Ai sai ya ɗan lotsa. Duk abin da ka matse da yawa, ɓalle maka zai yi."

"Haka uwar 'yata ta ce ranar da ta bar ni."

Tsohon ya yi gyaran murya. "Bikin wa?"

"Yulieth ta cika shekara sha biyar jiya. Ni ne uba, ni ya kamata in durƙusa gaban jama'a in sauya mata takalmi, in yi rawar farko da ita."

"To wa ya yi?"

"Mijin uwarta, da takalman aro. Waɗanda na saya suna can cikin jif, ko kwalin ba a buɗe ba."