Sandar Mang Dodong

A tashar motar garin Angeles, Mang Celso, tsohon masassaƙin sandunan sinuka, wasan ƙwallon nan na kan tebur, ya kasa ɗauke ido daga sandar da wani saurayi yake ta gogewa a gefensa.

"Samari, wannan aikin wane ne?"

"Na Mang Dodong ne, Baba. A cikin masu rai dai babu kamarsa."

"Dodong! Mai sassaƙa katako tun yana ɗanye? Bari damina ta kankama, za ka ga ta lanƙwashe kamar lauje. Miƙo nan."

Ya mirgina ta a kan benci, ta tafi sumul, ko tangaɗi babu. Ya ja tsaki.

"Bencin ne ya rufa masa asiri."

"Haba Baba, ai ta sha damina a hannuna. Mutum ɗaya ne ya fi shi, maigidansa Mang Celso. Shi na so ya yi mini, ashe ya rasu."

Hannun tsohon ya tsaya cak.

"Wa ya ce maka ya rasu?"

"Mang Dodong, da bakinsa. Har da hawaye, Baba."