Hayaƙin da Ya Shiga Ƙirjin Baban Rahila

'Yan'uwa, salama gare ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Ni ce Maman Rahila ta Sauka Kahuta, wadda ba a cika gani a waje ba sai ran Lahadi.

Maigidana tela ne. Ranar da wuta ta kama shagon katifa da ke jikin nasa, ya kutsa cikin baƙin hayaƙin nan ya ciro keken ɗinkinsa. Ya dawo gida da 'yar ƙuna a hannu. Muka fasa ɗanyen ƙwai muka shafa yadda muka saba, muka ce Allah ya tsare.

Da la'asar sai na ji muryarsa ta dishe. Ni kuwa kunnena ba ya barin komai ya wuce. Ga tari, ga baƙar majina, ga wani ɗan fito in ya ja numfashi. Na san tarinsa tun zamanin da yake shan taba, kafin ya tuba. Zuciyata ta ce ya koma.

Na lalube aljihunsa, na shinshina rigarsa. Na ce, "Baban Rahila, kara nawa ka zuƙa a bayan shago?"

Ya ce, "Haba, ke dai ba ni ruwa." Da ƙyar ma maganar ta fito.

Ban yarda ba. Na shiga ɗaki na durƙusa, wai Allah ya tona shi. Ina cikin addu'a, fiton nan yana shigo mini ta labule, yana ƙaruwa. Nan Ubangiji ya buɗe mini kunne: wannan ba tarin taba ba ne, iska ce ke gagarar mutum.

Maƙwabciyata Maman Ndagi, 'yar Bida, ta tare mana keke napep. A asibiti ma ban daina zargi ba, don likita ya bar hannun yana leƙa hanci da maƙogwaro.

Na ce, "Likita, hannu ne fa ya ƙone."

Ya ce, "Mama, hannu zai jira. Hayaƙi ya ƙona hanyar numfashinsa, tana kumbura. Shi ke kashe masu ƙuna da yawa, ko da ciwon fatar ƙarami ne."

Suka zura masa roba a maƙogwaro, inji yana yi masa numfashi. Hannu ya warke da wuri, amma ciwon huhu ya biyo baya, muka daɗe a kwance. Har yanzu in ya yi sauri sai haki.

Amma yau ga shi can a bencin baya na coci, da kansa yake numfashi. Na gode wa Yesu! Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kuma duk wanda ya fito daga hayaƙi, ku kai shi asibiti tun muryarsa tana fita.