Kalmasar Rigar Zainabu

Awarwaron aurena na sayar na yi kuɗin mota zuwa Injamena, ni da 'yata Zainabu, bayan rasuwar babanta. Ku da kuke koyon ɗinki a hannuna, can na ƙware, a shagon wata Hajiya bayan Garan Marshe, wato babbar kasuwarsu. Na kama ɗaki a unguwar Ridina. Mai gidan Hausarsa ɗaya ce: "Ruwa kaɗan-kaɗan." Na ce, "Malam, har na alwala?" Ya ce, "Kaɗan-kaɗan."

Ban san kowa ba. In mun taso aiki, allunan shaguna nake bi ina haɗa baƙaƙe, da haka na koya wa kaina karatu. Abokiyar hirata Zainabu ce kawai.

A can, yayin ɗinki sunansa modal. Mace ta shigo da hoto ta ce, "Ga modal ɗina." Ku riƙe kalmar nan.

Zainabu na shekara tara ta fara ciwon kai da amai. Aka sa ta a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, i-er-em, ni kuwa Iyaram nake cewa kamar sunan mace, ma'aikatan na dariya. Aka ce ƙari ne. Bayan wata biyu aka sake hoto. Likitar, mace ce mai jin Hausa, ta kira ni yadda suke kiran uwa a can: "Am Zainabu, mun yi modal."

Na ce, "Likita, ke ma kina ɗinki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta juyo min kwamfuta, ta jera hotunan biyu. Ta ce daga girman da ƙarin ya ƙara a tsakaninsu suke lissafa inda zai kai. Na ga farin tabo yana faɗaɗa a watannin da ba su zo ba tukuna.

Na ce, "Gobe ta Allah ce."

Ta ce, "Haka ne, lissafin ma yana kuskure. Amma in za ki yi wa yarinya riga, ba kya barin kalmasa saboda girma?"

Sai na gane. Ta ce inda yake ba ya fiɗuwa, kuma ya doshi jijiyar gani. "Wataƙila wata uku ya rage wa idonta. Akwai wanda kike so ta gani?"

Akwai. Uwata, a Azare, rabonsu tun tana shekara huɗu.

Hajiya ta ce, "Salla ta matso, wa zai ƙarasa min ɗinkin mutane?" Na ce ta yafe ni. Rigar Zainabu kaɗai na ƙarasa, muka hau mota.

Zainabu ta ga kakarta. Ta ce, "Ashe wushiryarmu iri ɗaya." Lissafi ya ce wata uku, Allah Ya ba idonta biyar, Ya karɓe ta bayan nan.

Rigar tana cikin akwatin can, kalmasa yatsa huɗu, ban taɓa warwarewa ba. Ke Binta, na ga kin yanke ta yarinyar nan cif-cif. Sake. Ki bar mata kalmasa. Ni har yau ina bari.