Malam Aidonsi da Ruwan Tungar Mode

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe wakilin Uban Ƙasa, Allah shi ƙara girma. Allah shi gahwarta Malam Liman da malamman da ka tare da shi. Mai gari, Allah shi ja zamani. Ardo Manu da jama'arka, mun ga tahowarku tun da sahe, mun gode. Inna Inno, uwarmu, matam marigayi, ina gaishe ki da haƙuri. Zaharaddeen da Mahbuba, ɗiyanai, ƙannena, sannunku.

Ni na Mu'azu, shugaban manoman rani na Tungar Mode. An ce in yi magana bisa Malam Yusha'u, yau kwana arba'in da rasuwatai. Ku yi min haƙuri in kunka ji muryata ta ɗaga, don akwai labarin da ni riƙe cikin bakina tun shekaranjiya, yana ƙona ni.

Ya kasance malamin Turanci shekara talatin da ukku, daga Dinawa hal Gandi. Ya kasance mutum mai tsinta: wasu suna tara hatsi, shi maganganun Turawa shika tarawa. Kuma dut cikinsu babu waɗanda sunka kama ransa kamar na rashin gani. Mu da yak karantar mun san wanga. Shi tsaya gaban allo, alli hal ga gemu, shi ce:

"Ku saurara, ɗiyana. Bahaushe in ya hwahimta sai shi ce na ji. Mai Turanci sai shi ce na gani. In bai yarda da kai ba, shi ce bai ga dalili ba. In za shi hana ka, shi ce bai ga yadda za a yi ba. In ya yi mamaki, bai taɓa ganin irin haka ba. In kun daɗe ba ku gamu ba, dogon lokaci ba gani. Mutanen ga komi nasu ga ido yake!"

Ya maimaita muna "Ai don si", wato "ban gani ba" da Turanci, hal sunan yab bi shi. Malam Aidonsi! Mun zaci za shi yi hushi, sai ga shi shina amsawa ko cikin kasuwa. Mu ko muna dariya, muna cewa mi wanga karatu za shi ƙara muna ga gona.

To jama'a, ga abin da yaƙ ƙara muna.

Kun san hwadamarmu ita ta ƙarshen hanyar ruwan da ka tahowa daga dam. Shekara shidda ruwa ba su iso muna ba. Na gaba suna kwasan albasa da tahwarnuwa, mu muna kallon ƙasa tana tsagewa. Shanun Ardo sunka rasa mashaya. Samarinmu sunka watse cin rani. Ni da ka magana, gonad da tsohona yab bar min, na riga na yi magana da mai saye. Ban hwaɗa ma kowa ba sai Malam, don kunya nika ji.

Kuma ba zama munka yi ba. Mun yi bayani, mun koma yin bayani. Mun aika wakilai wurin hukumar dam, mun rubuta takarda. Mu a ganinmu in ka hwaɗa ma mutum matsalarka hal ya gyaɗa kai, to ya ji, magana ta ƙare. Nan munka yi kuskure, shekara shidda muna cika kunnuwan mutane.

Bara waccan anka turo wani injiniya, ɗan Kudu na, ba shi jin Hausa ko kaɗan. Munka roƙi Malam shi yi muna tahinta, shina da shekara saba'in da ɗaya, ga ciwon gwiwa. Anka zauna ƙarƙashin dalbejiyar makaranta. Nit tashi nij jera bayani hal miyau sunka bushe min. Injiniya yab buɗe kwamhyuta, yaj juyo muna da taswira. Ga hanyar ruwa nan shuɗiya shar, tun daga dam hal ƙohwar gonata. Yay yi magana kaɗan, yar ruhe.

Nic ce, "Malam, mi yac ce?"

Malam yac ce, "Ya ce bai ga matsala ba."

Jama'a sunka hasala. Ardo Manu, kana nan, hal ka ɗauki sandarka za ka tahiya. Sai nig ga Malam shina murmushi, huskatai ta yi haske kamar wanda anka yi ma bushara. Yac ce muna, "Ku zauna! Wanga bawan Allah gaskiya ya hwaɗi. Ga idonai babu matsala. To mu kai idon inda matsalat take."

Yat tashi da gwiwan nan tasa, yak kama hannun injiniya kamar ɗansa, yac ce mai da Turanci su taka kaɗan. Kaɗan ɗin nan, jama'a, hal ƙarshen hwadama ta! Mota ba ta shiga. Ranat tsaka ta, watan zahi. Malam yas sa shi cikin ramin hanyar ruwan kanta, ba bisa gaɓa ba. Injiniya da takalmin ohis shina taka ƙura inda taswira tac ce ruwa na. Mu muna biye, mun hi mutum sittin. Sau biyu Malam shina zama shi huta, sau biyu ina cewa mu koma, shina harara ta. Hal munka isa kwalbatin da yar rubza, yashi da ciyawa sunka cike shi, hal wani ya shuka kuɓewa bisa.

Injiniya yat tsaya, zuhwa ta jiƙe mai riga. Sannan yah hiddo waya yah hwara ɗaukan hoto. Yay yi magana, Malam yaj juyo garemu yac ce, "Ya ce bai taɓa ganin irin wanga ba."

Daga nan Malam bai huta ba. Dut wanda anka turo, babba ko ƙarami, sai ya taka ƙuran nan. Na ƙidaya mutum tara, kahin hukuma ta yarda a gyara kwalbatin a yashe hanyar ruwa. Ni ko yac ce min, "Mu'azu, kak ka sai da gonar tsohonka. Ba ni damana biyu." Nic ce, "Malam, iyalina mi za su ci?" Yac ce, "Ka zo gidana." Inna Inno, ke kika auna min gero daga rumbunku, kina min hwaɗa in na yi nawa. Ban manta ba, ba ni ko mantawa.

Ya kasance mai gardama, wanga gaskiya ta. Ya kasance in ya kama magana ba shi saki. Mahbuba, kin san sau nawa kinka ɓoye mai takalmi don shi zauna gida, shi tahi da na wanka. Zaharaddeen, kak ku ga kamar mun cinye muku tsoho. Mun san abin da munka ɗauka gareku, kuma muna roƙon ku yahe muna.

Ga labarin da nic ce yana ƙona ni. Shekaranjiya, ranat Talata, da hantsi, ina cikin gona nij ji yara suna ihu daga gabas. Jama'a, ruwa sun iso! Ruwa sun iso Tungar Mode! Suna tahowa sannu, suna ture kara da ƙura gabansu, mata suna guɗa, shanun Ardo suna gudu. Ni da girmana nish shiga ciki da rigata, nid durƙusa, ina dariya ina kuka. Mai saye ya aiko jiya, nic ce a gaishe shi, gona ba ta sayarwa ta ba.

Kwana talatin da takwas kaɗai, Inna. Shekara biyu shina taka ramin nan busasshe, kwana talatin da takwas sunka raba shi da ruwan. Wanga abu ya yi min zahi, ba ni ɓoyewa. Amma jiya na yaɗa irin albasa, kuma mu manoman Tungar Mode mun yi magana ɗaya: buhun hwarko na kowace gona, kowace shekara, ƙohwar ɗakinki za shi sauka, muddin kina da rai.

Mun gode ma Uban Ƙasa da malammai, mun gode ma dut wanda yab bar aikinai yaz zo. Ya Allah, bawanka Yusha'u ya yi tahiya cikin rana don mu sha. Ka shayar da shi daga tabkin Alkausara, Ka yalwata mai kabari, Ka yahe mai kurakurainai, Ka dubi Inna Inno da ɗiyanta da idon rahama. Malam Liman, a yi muna Fatiha.